ITA MA TANA SO A RIƘE TA

Shafi na 19

Da sunan Allah, mai jin ƙan manya da yara.

Masu turo mini saƙo tun kafin gari ya waye wai "Hajiya ina ci gaba", ga shi nan, ku bar ni in sha kokona. Ke kuma da kika rubuta wai Faridatu ce muguwar labarin nan, ki koma baya ki sake karatu. Yarinya 'yar shekara takwas da uwarta ta rasu ba ta yi wa kowa komai ba. In muguwa kike nema, ki ƙara haƙuri, wataƙila ki same ta a inda ba ki zata ba.

*

Ranar Asabar ce. Bakwai da 'yan mintoci surukina Abdul-Razak ya kira ni a waya.

"Hajiya, ina kwana."

"Lafiya lau. Me ya faru?"

"Ba komai. Yayata Adijatu ce za ta zo yau daga Gbalahi."

"To sai me? Yau ta fara zuwa?"

Ina jin numfashinsa.

"Da goro za ta zo, Hajiya. Suhuyini take so."

Na ajiye kofin da ke hannuna.

Wanda bai zauna cikin Dagomba ba, bari in gaya masa. A wurinsu 'yar'uwar uba, wadda suke ce wa piriba, tana da hakki a kan 'yar ɗan'uwanta. In ta kawo goro ta ce a ba ta riƙo, ƙaninta ba ya ɗaga kai ya ce a'a. Suhuyini kuwa ita kaɗai ce Allah ya ba 'yata Humu da mijinta. Shekararta sha huɗu.

"Ka amsa mata?"

"Ban amsa ba, ban hana ba. Ni ba ni da bakin hana ta, ita ta goya ni. Amma in uwar yarinya ta ce ba ta yarda ba, na samu abin riƙewa. Sai in ce Yaya ki yi haƙuri, kin san halin mata, a bari ta gama makaranta."

"Ita uwar me ta ce?"

"Ta ce to."

"To kawai?"

"To kawai, Hajiya."

Na yafa gyale, na tare yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, daga Zongo zuwa Jisonayili. Ban ji tsoro ba, ban ji haushi ba. Ban ji komai ba. Ina dai kallon mata a kan babura suna wuce mu, kowace da kayan kasuwarta.

*

A baranda na same su.

Humu na zaune a kujera 'yar tsuguno, Faridatu a tsakanin gwiwoyinta, tana yi mata kitso. Wata bakwai ke nan da Madam Efua ta ofishin kula da yara ta kawo yarinyar riƙo gidan. Ta yi ƙiba, kumatun sun fito. Wannan kam ba za a ƙwace wa Humu ba.

"Farida 'yar Mma, sunkuya kaɗan. Yauwa. Farida kyakkyawa. Saura biyu mu gama."

Ta ɗago ta gan ni.

"Madam, sannu da zuwa."

Madam take ce mini tun tana ƙarama, yadda yaran makarantata suke faɗa. Ni kuma sunanta a rubuce kawai nake iya sa shi. A baki, shekara talatin da takwas ban furta ba. 'Yar farina ce. Haka aka tarbiyyantar da mu a Zongo: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a yabonsa a gaban mutane. Kunya ake ce wa abin. Na yi shekaru ina gaya wa yaran mutane kada su yarda da magana sai sun tambayi dalili, amma wannan ɗin ban taɓa tambayar dalilinsa ba.

"Ina yarinyar?"

Ba ta juya ba, ta dai ɗaga murya.

"Ke! Ga kakarki."

Suhuyini ta fito daga bayan gida, hannunta duk kumfar sabulu. Ta durƙusa ta gaishe ni. Ta kalli uwarta.

"Sista, na gama wankin. Har da yunifom ɗin Farida."

Sista take ce mata, yadda ake kiran nas a asibitin da Humu take aiki.

"To," in ji Humu. Ta ja kan Faridatu zuwa ƙirjinta ta ci gaba da tsaga.

Na kama hannun jikata, da kumfar da komai.

"Zo ki nuna mini ɗakinku."

*

Gado biyu ne a ɗakin. Na wajen taga yana da sabon gidan sauro da 'yar tsana a kan filo. Ɗayan an matsa shi jikin ƙofa. A kansa akwai jaka, an zuge ta, an ɗora takalman makaranta a sama cikin leda.

"Wa ya haɗa miki kaya?"

"Ni."

"Yaushe?"

"Ranar Laraba."

"Yau da safe ubanki ya gaya mini. Ke ya aka yi kika sani tun Laraba?"

Ta goge hannunta a jikin siket.

"Suhuyini, ba ubanki ba ce ni, ba uwarki ba. Ni na yi shekara talatin da shida ina kallon yara suna shirya ƙarya. Kar ki wahalar da kanki."

"Ni na je."

"Kika je ina?"

"Gbalahi. Wurin Piriba. Sau uku, bayan an tashi makaranta."

"Kika ce mata me?"

"Na ce ta zo ta roƙe ni."

Na zauna a bakin gadon.

"Ana dukanki a gidan nan?"

"A'a."

"Ana hana ki abinci?"

"A'a."

"Faridatu na yi miki rashin kunya?"

"Farida? Kaka, Farida in ta ga ina shara tsintsiya take ƙwacewa. Ina sonta."

"To mene ne?"

Ta kalli gadon wajen taga. Muryarta ba ta rawa, ba hawaye, kamar mai karanta jadawalin darasi.

"Ni ma so nake a riƙe ni."

"Ban gane ba."

"Da ban san Sista ta iya ba, Kaka. Na ɗauka haka aka halicce ta. Na ɗauka ba ta iya rungume mutum. Na ɗauka bakinta ba ya iya cewa kin yi ƙoƙari. Ban damu ba, don ban ga ta yi wa kowa ba. Sai aka kawo Farida."

"Ina jin ki."

"Ranar farko ta durƙusa a gabanta har ƙasa. Ta kalli cikin idonta. Ta ce Faridatu, nan gidanku ne. A yini ɗaya na ƙirga, sau arba'in da ɗaya ta kira sunanta."

"An koya musu ne a wurin horon masu karɓar riƙo. An ce yaron da ya rasa uwa..."

"Na sani. Na karanta takardar, tana kan firij. Ki kira sunansa. Ki kalle shi in yana magana. Ki yabe shi ko a kan abu ƙarami. Duk tana yi, ba ta tsallake ko layi ɗaya ba. Akwai wani shafi a baya da aka rubuta kada ku manta da 'ya'yan cikinku. Shi ne yake kallon jikin firij."

Na ce, "Uwarki tana sonki."

"Kowa haka yake ce mini. Baba ya faɗa, ke kin faɗa. Ita ce kawai ba ta faɗa ba."

"'Yar fari ce ke. Kin san al'ada."

"Na sani. Shi ya sa na yi lissafi."

"Wane lissafi?"

"A gidan nan 'yar wani ake kira da suna. To ni ma in na je Gbalahi 'yar wani ce."

Na daɗe ina kallonta. Na nemi kuskure a lissafin kamar yadda nake nema a littafin yara. Ban samu ba.

"Kin san Gbalahi? Kin san tsintar kaɗanya da sassafe? Kin san tafiyar da za ki riƙa yi zuwa makaranta? Baɗi za ki rubuta jarrabawar fita."

"Na sani."

"Kuma kin yarda?"

"Kaka, wata biyu da suka wuce na fara ganin al'ada."

Na ɗago.

"A makaranta ya zo mini. Na ɗaura suwaita a ƙugu na dawo. Na same ta tana koya wa Farida rubuta sunanta. Na tsaya a ƙofa. Ta ce ke, ɗora ruwan tuwo. Na ɗora."

"Ba ki gaya mata ba?"

"Da wane baki? Ba mu taɓa yin magana mai tsawon haka ba."

"Nas ce fa."

"Nas ce. 'Yan matan unguwar nan duk wurinta suke zuwa tambaya. Piriba ce ta gane, daga ganin yadda nake zama. Ta saya mini audugar mata, ta dafa mini ƙwai, ta zauna kusa da ni har na cinye."

Daga baranda muna jin dariyar Faridatu. An gama kitso, ana nuna mata madubi.

"In uwarki ta ce a'a fa?"

"Ba za ta ce ba."

"Na ce in ta ce."

Ta ɗan taɓa zik ɗin jakar da yatsa.

"Sai in kwance kayana. Ko ba ta rungume ni ba, Kaka. Ko ba ta kira sunana ba. Ta ce a'a kawai, a gaban mutane, in ji da kunnena."

*

A kicin na tare Humu. Tana yanka ganyen ayoyo na miya, an ɗora tukunyar baƙi.

"Rufe ƙofar."

Ta rufe da ƙafa, ba ta ajiye wuƙar ba.

"Kin san yarinyar nan ita ta kai kanta Gbalahi?"

Wuƙar ta tsaya. Ta ci gaba.

"Ban sani ba."

"Yanzu kin sani. Kin san ta fara al'ada?"

Wannan karon ta ajiye wuƙar.

"Yaushe?"

"Wata biyu."

Ta kalli bango. Na ga tana lissafin kwanaki a ranta, irin na ma'aikatan asibiti. Ta ɗauki wuƙar kuma.

"Ke nake wa magana."

"Ina ji, Madam."

"In matar nan ta zo ta ajiye goro, za a juyo a tambaye ki. Ki ce ban yarda ba. Kalma uku ce. Mijinki zai ɗauki sauran."

"A gaban dangin ubanta?"

"A gabansu."

"In buɗe baki in ce ina son 'yar farina? Gobe a ce 'yar Hajiya Mulikatu ba ta da kunya, ta yi wa piriba rowar 'ya, alhali ga 'yar wasu ta ɗauko tana riƙo? Ke za a zaga, ba ni ba."

"A zage ni. Na tsufa, zagi ba ya kama ni."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Yau kuma?"

"Me kike nufi?"

"Ba komai."

"Faɗi."

Ta zuba ganyen a roba, ta wanke hannu, ta goge. Sannan ta juyo ta dube ni. Ban tuna ranar da ta taɓa duban idona haka ba.

"Aji huɗu, Madam. Ke ce malamar ajinmu. Mu hamsin da bakwai ne. Kullum da safe kina kiran rajista. Mariyatu, ta ce ga ni. Mutawakil, ya ce ga ni. In kika zo kan nawa sai ki yi shiru, ki ɗaga ido ki ga ina nan, ki yi maki, ki wuce."

Na buɗe baki. Ta ɗaga hannu.

"Shekara guda. Yara suka sa mini suna Mai-shiru. Na fara ɓuya a bayan benci don in ga ko za ki kira ni in ba ki gan ni ba. Kika tambayi wadda ke kusa da ni, ina wannan?"

"Zamanin..."

"Ranar da na gama makarantar nas a bayan rumfa kika tsaya. Kika rungume Akos ƙawata, kika ce mata kin fitar da mu kunya. Ni kika miƙo mini lema kika ce rana ta yi zafi."

"Na yi kuka a mota ranar."

"Ban gani ba."

Tukunya ta fara tafasa, murfin yana ƙara. Ba wadda ta taɓa shi.

"Ban ce kin yi laifi ba," in ji ta. "Na girma, ban mutu ba. Na ce wa kaina haka ake son 'yar fari, daga nesa. Na yarda da haka, don in ban yarda ba sai in yarda da wani abu da ya fi shi ciwo. Yanzu kin zo kicin ɗina da tsakar rana kin ce ba haka ba ne?"

"Ba haka ba ne."

"To me ya sa kika yi mini?"

"Don an yi mini. Ba wani dalili. Na duba, babu."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Kin san me ya sa Farida ba ta yi mini wuya? Ba tawa ba ce. Ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Duk abin da ke nan," ta dafa ƙirjinta, "shekara sha huɗu yana neman inda zai zuba. Da aka kawo ta sai ya samu hanya. In na rungume ta, wallahi Madam, wani lokaci ba ita nake runguma ba."

"To ki gaya wa mai abin."

"Na gwada. Na sha tsayawa a ƙofar ɗakinsu. Bakina ba ya buɗewa. Kamar a ce ki rubuta da hannun hagu a gaban sufeto."

"Yau ba rubutu mai kyau ake nema ba. Ki ce a'a, ko a karkace."

Ba ta amsa ba.

"Kin ji ni?"

"Na ji."

"Za ki faɗa?"

"Zan faɗa."

A waje muka ji yalo-yalo ya tsaya, da muryar Abdul-Razak yana "Amaraba, amaraba."

*

Adijatu doguwar mace ce, hannunta duk kanta saboda aikin man kaɗe. Ba muguwa ba ce, kada wani ya rubuto mini haka. 'Ya'yanta huɗu duk maza, duk sun watse Kumasi da Accra. Ta zo da wani dattijo, ƙanin ubansu, mai shaida. Ta ce wa direba ya jira.

Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dalbejiya. Abdul-Razak, mutumin da yake da furfura a gemu, ya tsuguna a gaban yayarsa kansa a ƙasa. Aka yi gaisuwa da harshensu na Dagbani, doguwa, Naa, Naa, har na ɗauka ba za ta ƙare ba. Aka kawo ruwa. Aka sha.

Humu ta zauna a gefe, gyale ya rufe rabin fuskarta. Faridatu ta zo ta lafe a jikinta da sabon kitso, hannun Humu ya hau kanta da kansa.

Suhuyini na tsaye a bakin ƙofar falo. Ba jaka a hannunta. Na lura da wannan.

Adijatu ta kwance ƙullin ganye, ta tura goron gaban ƙaninta. Saboda ni ta juya zuwa Hausa, irin tata ta kasuwar Aboabo.

"Hajiya, kin san al'ada namu. Yarinya nan na ƙanina ne, to nawa ne. Ya girma. Gida nan kuma Allah ya kawo wani yaro, aiki ya yi yawa ga Sista. Ni gida na ba kowa. Zan riƙe shi da kyau. Makaranta ba zai tsaya ba, na rantse."

"Mun ji," na ce. "Amma ba ni ke da magana ba."

Dattijon ya dubi Abdul-Razak. Abdul-Razak bai taɓa goron ba.

"Yaya, kin fi ƙarfin komai a gidan nan. Sai dai a ji ta bakin uwarta."

Kowa ya juya.

Na ga Humu ta ɗauke hannunta daga kan Faridatu ta ɗora a cinya. Ta ɗago kai. Ta kalli ƙofar falo, sau ɗaya, ta kalli dattijon da hularsa, ta kalli Adijatu.

Ta kalle ni.

Na gyaɗa mata kai.

Dattijon ya yi murmushi, cikin kirki, ya ce, "Ai ba sai an matsa mata ba. 'Yar gidan tarbiyya ce. Kowa ya san gidan da ta fito."

Sai na ga kanta ya koma ƙasa.

Muryar da ta fito ba tata ba ce. Tawa ce. Ta uwata ce. Sumul, ba gargada, yadda ake so.

"Ai ni ba ni da 'ya, Baba. Taku ce. Duk inda kuka ce ta zauna, nan za ta zauna."

"Madalla," in ji dattijon. "Allah ya yi albarka. Ka ji magana."

Abdul-Razak ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki goron, don ba abin da ya rage masa.

Na dubi ƙofar falo. Ba kowa.

Ba a yi minti ɗaya ba ta fito, jaka a kafaɗa, ledar takalma a hannu. Ba ta yi sauri ba, ba ta yi sanda ba. Ta durƙusa gaban ubanta, ya dafa kanta, bakinsa na motsi ba sauti. Ta durƙusa gabana. Ta shafa kitson Faridatu.

"Ya yi kyau. Ki riƙa ɗaura ɗankwali in za ki kwanta."

"Yaya Suhu, ina za ki?"

"Nan kusa."

"Yaushe za ki dawo?"

Suhuyini ta matsa gaban uwarta, ta durƙusa har gwiwa biyu, yadda ake yi wa baƙuwa babba.

"Sista, na gode da zaman da na yi a gidanki. In na yi miki laifi ki yafe."

Humu ba ta motsa ba. Idonta a kan tabarma. Akwai wani zare da ya fita daga saƙar, shi take ja da farce.

Adijatu ta dube su su biyun. Ta karɓi ledar takalman ta yi gaba.

Suka shiga yalo-yalo, dattijo a gefe, Adijatu a gefe, yarinya a tsakiya da jaka a cinya. Direba ya tayar.

Ban san lokacin da na tashi ba. Ni da gwiwa ke hana ni hawa matakalar masallaci, sai ga ni a bakin get, a gaban tayar gaba, sandata a kafe a ƙasa.

Direba ya leƙo.

"Hajiya, matsa kaɗan."

Ban matsa ba.

"Hajiya!" Abdul-Razak ya taso da gudu. "Don Allah. Na riga na karɓi goro."

"Na gani. Ina da ido."

Dattijon ya sauko da ƙafa ɗaya, murmushin ya tafi.

"Hajiya Mulikatu, uwar mata ba ta da hurumi a nan. Kin fi kowa sani. In yarinyar nan ta sauka bayan an ci goro, ba ita kaɗai za ta sauka ba. Zumuncin gida biyu ne."

"Na sani."

"To me kike jira?"

"Ba da ku nake ba."

Na ɗaga murya yadda nake ɗagawa a filin asembili, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Ke da ke kan tabarma! Ni na koya miki waccan amsar, kuma ƙarya na koya miki. Ga ni na faɗa a gaban surukai, a gaban titi. Saura taki. Ba zan bar nan ba sai kin tashi."

Injin kawai ke kaɗawa.

Suhuyini ba ta kalle ni ba. Ta cikin madubin direba take kallon tsakar gida.

Humu ta tashi.

Ta zare hannun Faridatu daga zaninta, a hankali, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta yi taku biyu zuwa get. Uku. Gyalen ya zame ya faɗi, ba ta ɗauka ba. Bakinta ya buɗe.

Muka jira.

Ta juya. Ta haye baranda, ta shige ɗakin yaran, ta turo ƙofa. Duk muka ji ƙarar sakata.

Jikata ta ɗauke idonta daga madubin. Ta gyara jakar a cinyarta. Ta dube ni, ina tsaye taku ɗaya daga tayar, sannan ta taɓa kafaɗar direba.

"Mu tafi."